Finafinan Ingila na ƙananan kamfanoni: wanne za ku ce in kalla?

Ɗan Aboabo:

Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah ina neman taimakon masu kallon fim, musamman waɗanda suka san na Ingila. Ni sana'ata ɗaukar bidiyon aure da suna ce a nan Kumasi, Aboabo da Asawase da Sawaba duk ina zagawa, kuma mun daɗe ni da abokaina muna son mu yi fim namu na Hausa wanda labarinsa na Zango ne zalla, amma kullum kuɗi ne ke kashe mana gwiwa, in ka kalli na Amurka ka ga mota na tashi sama gini na rushewa sai ka ce ai wannan ba layinmu ba ne, ka naɗe tabarmarka.

To kwanan baya na kalli His House na 2020, wanda Remi Weekes ya ba da umarni, wallahi tun daga ranar kaina bai huta ba. Miji da mata ne suka gudo daga yaƙin Sudan ta Kudu, suka tsallaka teku a kwalekwale, gwamnatin Ingila ta ba su wani ruɓaɓɓen gida ta ce ba ku ba aiki, ba ku ba tashi daga gidan nan, in kun karya doka a maida ku inda kuka fito. Sai ga shi wani abu ya biyo su yana zaune cikin bango. Kusan duk fim ɗin a gida ɗaya aka yi shi amma ka kasa ɗauke ido. Abin da ya fi taɓa ni ma ba dodon ba ne, wurin da matar ta ɓata hanya tana neman asibiti ne, ta hango wasu samari baƙar fata ta ji sanyi a ranta tana ganin 'yan uwa ne, su kuma suka hau yi mata dariya kan yadda take Turanci har da ce mata ta koma Afirka.

Tambayata, akwai wasu irinsa? Na tsoro ko na 'yan daba ko na rigimar iyali duk ina so, in dai irin wanda ba babban kamfani ne ya yi ba. Sannan wa ke ba su kuɗin yi? Kuma wanne ne zan iya kunnawa a falo gaban Mma da ƙannena ba sai na riƙe rimot a hannu ba?

Maman Biyu:

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya sa albarka a wannan niyya taku. Ni na zauna a Ingila kafin in dawo Tafo, aikin kula da tsofaffi gida-gida na yi, dan haka ta ɓangaren na iyali zan yi maka magana, na tsoro kam ba na kallo.

Fara da Ken Loach. Tsoho ne, tun Kes na 1969 yake abu ɗaya, talakan Ingila. Ka nemi I, Daniel Blake na 2016, shi ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Cannes a Faransa a shekarar, kuma karo na biyu ke nan da ya ci ta dan ya taɓa ci a 2006. Labarin wani kafinta ne a Newcastle, ciwon zuciya ya buge shi likita ta ce kada ya yi aiki, su kuma ofishin tallafi suka ce lafiyarsa lau ya je ya nemi aiki, komai sai a cike fom a intanet shi kuma bawan Allah ko linzamin kwamfuta bai iya riƙewa ba. Akwai wata yarinya mai yara biyu da suka saba a can, ta daɗe tana hana cikinta dan yara su ci, ranar da suka je wurin rabon abinci na mabuƙata sai yunwa ta ci ƙarfinta ta juya baya ta ɓalle gwangwanin wake tana ɗiba da hannu tana ci a tsaye, sai ta farga mutane na kallonta ta fashe da kuka. Ba kiɗa, ba a matso da kyamara fuskarta ba, daga nesa aka ɗauka. Ni dai a wurin sai da na tsayar na je na wanke fuska.

Wanda ya biyo baya, Sorry We Missed You na 2019, shi kam rayuwata na gani. Mijin ya sayar da motar matarsa ya zuba kuɗin a motar kai kaya gida-gida wai zai zama mai cin gashin kansa, ashe na'urar da aka ba shi ce ubangidansa, tana ƙirga masa minti, har gora aka miƙa masa ta yin fitsari dan ba lokacin neman bayi. Matar kuma irin aikina take, yanzu ba mota sai bas, daga wannan tsohuwa zuwa waccan tun safe har dare, yaransu suna lalacewa a gida tana musu tarbiyya ta waya. Haka abin yake wallahi. Inda na yi aiki lokacin da nake kan hanya tsakanin gida da gida ba a lissafa min shi, ka iske tsohuwa ta ɓata jikinta tana kuka agogo kuma na ce maka ka wuce na gaba, to ya za ka yi, uwar wani ce. Boga, wato namu mazaunin Turai, in ya zo sallah da jaka da turare ba zai faɗa muku wannan ba, ba dan mugunta ba, kunya ce da kuma sanin idon da gida ya zuba masa.

Sai After Love na 2020, na Aleem Khan, wannan matan Zango za su gane shi tun kafin a fassara musu. Baturiya ce da ta musulunta ta auri ɗan Pakistan mai tuƙa jirgin ruwa tsakanin Dover da Calais, suna zaman lafiya, ya rasu farat ɗaya. Tana kintsa kayansa sai ta ga katin wata mata 'yar Faransa a walat ɗinsa, ga saƙonni a waya, ashe yana da wani iyali a tsallaken ruwa. Ta shirya ta hau jirgi ta je har ƙofar gidan da hijabinta, matar ta ɗauka mai aikin shara ce aka turo mata, ita kuma ta kasa cewa komai ta shiga ta kama aiki a gidan kishiyar da ba ta san da ita ba. Joanna Scanlan da ta fito a matar ta ci BAFTA, babbar kyautar fim ta Birtaniya, a matsayin gwarzuwar 'yar wasa a 2022 kuma ta cancanta, yadda take salla a fim ɗin ma ka san an koya mata da kyau. Nawa muka gani a nan, sai ranar addu'ar uku wata ta bayyana da goyo.

Na ƙannenka kuma Rocks na 2019, yarinya 'yar asalin Najeriya a gabashin Landan uwarta ta bar takarda da 'yan kuɗi ta tafi ta bar ta da ƙaninta, tana ta ɓoyewa kada ma'aikatan gwamnati su raba su, ƙawarta 'yar Somaliya ce ke tsaye a kanta. Yawancin yaran ba su taɓa fim ba, daga makarantu aka samo su. Amma ka sani bakinsu ba linzami, har na Loach ɗin ashar ya yi yawa, kuma Turancin Newcastle sai ka kunna rubutun ƙasa in ba haka ba rabi zai wuce ka.

Sarkin Bes:

Chale kai ma ka zo gida, mu a bes ɗinmu, wato majalisarmu ta samari, na Asawase in an ɗora ataya irin waɗannan muke kallo. Gaisuwa Hajiya, Allah ya saka da alheri, amma ni na 'yan daba zan kawo.

Kowa zai ce maka Lock, Stock and Two Smoking Barrels na Guy Ritchie, 1998, abokai huɗu suka haɗa kuɗi ɗaya ya je karta aka yi masa maguɗi ya tashi da bashin fam 500,000. A nan Jason Statham ya fara, kafin nan kaya yake sayarwa a bakin titi, ga kuma Vinnie Jones tsohon ɗan ƙwallon Wimbledon. Yana da daɗi yana da ban dariya, amma gaskiya ni ban ga abin da za ka ɗauka a ciki ba in fim ɗin Zango za ka yi, daba ce ta nishaɗi, mutum ya mutu kana dariya.

Wanda nake so ka zauna ka kalla da natsuwa Blue Story ne na 2019. Rapman da ya yi shi daga YouTube ya taso, da waƙa yake ba da labari. Yara biyu aminai, ɗaya ɗan Deptford ɗaya ɗan Peckham a kudancin Landan, makaranta ɗaya suke, amma unguwanninsu na gaba da juna, gabar da su ba su san ma mafarinta ba, yayye ne suka fara ƙanne suka gada, ƙarshe amini ya koma abokin gaba. Ka faɗa min wannan ba mu san shi ba? Wannan bes da wancan bes, a kan yarinya ko a kan ƙwallo ko lokacin siyasa, a sari yaro ɗaya sai a ce sai an rama, iyaye mata ne ke kwana asibiti. Da fim ɗin ya fito an yi wani rikici a sinima a Birmingham har wasu gidajen sinima suka janye shi, mutane suka yi ca suka ce dan na baƙaƙe ne, daga baya aka maido. Amma in faɗa maka gaskiya wannan akwai hannun BBC da Paramount a ciki, ba ƙarami ba ne can can.

Dirty Pretty Things na 2002 kuma duk mai shirin bin hanya ya kamata a zaunar da shi ya gani. Chiwetel Ejiofor ya fito a likita ɗan Najeriya da ba shi da takardu a Landan, da rana tasi da dare aikin otel, barci sai dai a kujera. Wata rana masai ya toshe a wani ɗaki ya je gyarawa ya zaro zuciyar mutum. Ashe a otel ɗin ake cire wa baƙin haure ƙoda a ba su fasfo na jabu. Bindiga ba ta da wani aiki a fim ɗin amma zuciyarka na bugawa har ƙarshe.

In kuma ramuwar gayya kake so, Dead Man's Shoes na Shane Meadows, 2004. Soja ya dawo ƙauyensu yana bin 'yan ƙwayar da suka wulaƙanta ƙaninsa mai raunin hankali ɗaya bayan ɗaya. 'Yan dabar ma ba wasu manya ba ne, a wata 'yar ƙaramar tsohuwar mota suke cunkushewa su duka, abin tausayi. Wannan kada ka kusanto da shi falo, na 'yan 18 ne.

Mai Tace Hoto:

Ɗan uwa abokin sana'a, ni ina tace bidiyo a wajen Alabar. Bari in amsa maka ta kuɗi dan na ga ba wanda ya taɓa ta.

Galibinsu ba aljihun mutum ɗaya ba ne, haɗa-haɗa ake. Akwai BFI, hukumar fim ta Birtaniya da aka kafa tun 1933, ita ke raba wani kaso na kuɗin cacar ƙasa da aka fara a 1994 ga masu fim. Akwai Film4 na tashar Channel 4, akwai sashen fim na BBC, sannan gwamnati na maida wa mai fim wani ɓangare na abin da ya kashe ta hanyar rangwamen haraji. Furodusa sai ya ɗan samo nan ya ɗan samo can, ya sayar da haƙƙin nunawa a wasu ƙasashe tun kafin a ɗauka, shi ya sa za ka ga tambari biyar shida sun jero kafin fim ya fara. Suna da kyautarsu ta masu zaman kansu ma, BIFA, tun 1998. Dan haka kada ka yaudari kanka, abin da suke kira ƙaramin kuɗi in ka juya shi zuwa sidi zai sayi gidaje a Kumasi. Mu ba mu da irin wannan gatan.

Amma dabarar kyauta ce, kuma a na tsoro ta fi fitowa. 28 Days Later na Danny Boyle, 2002, da ƙananan kyamarorin dijital aka ɗauki yawancinsa, irin wanda ingancinsu ko wayar hannunka ta yanzu ta fi su. Wurin da jarumin ke yawo a Landan ba kowa, har kan gadar Westminster, da sassafe suke fita su tare hanya na 'yan mintoci su kafa kyamarori da yawa su ɗauka a lokaci ɗaya kafin motoci su taso. Ka tuna yadda Kejetia da Adum, tsakiyar kasuwancin Kumasi, suke in ka fito bayan asuba ranar Lahadi, ka ga kana da irin wannan hoton ba ka biya ko sisi ba.

The Descent na 2005, mata shida suka shiga kogo suka maƙale. Labarin a Amurka yake amma a Birtaniya aka ɗauka, kogon ma gina shi aka yi a situdiyo, suna jujjuya bango ɗaya su canza masa haske ya zama wani wuri. Hasken kuma daga tocilan kansu yake fitowa, sauran allon duhu ne, kai da kanka kake cike duhun da abin da kake tsoro. Host na 2020 ma fa, lokacin kullen korona aka yi shi a kan Zoom, kowane ɗan wasa a gidansa shi ke riƙe haskensa da kyamararsa, bai kai awa ɗaya ba, kuma ya tsorata duniya.

Abin da nake gani yana kashe namu, daga na Kumawood, wato masana'antar fim ta Kumasi, har na Hausa, gaggawar nuna aljani ne, a shafa wa mutum hoda a sa masa jan ido da wuta na fita a hannu, yara ma dariya suke. A His House da ka kalla ka lura sau nawa ka ji motsi a bango kafin ka ga komai. Sauti ne rabin aikin. In kuna da 'yan kuɗi kada ku ƙara kyamara, ku sayi makirfo mai kyau da abin naɗar sauti daban, ku nemi lokacin da janareta da masu pragya, keke mai ƙafa uku, suka yi shiru. Gidan haya na Zango mai ɗaki goma da tsakar gida ɗaya da bayi ɗaya, ga dumso, wato ɗauke wuta, da dare, me kake nema kuma?

Kawun Yara:

Salamu alaikum. Na karanta duka, kuma na ji daɗin yadda kuke ba yaron nan shawara. Abu biyu zan ƙara a matsayina na uba.

Na farko, ɗana, ka riƙa duba lambar da hukumar tace finafinansu ke sa wa, 12 ko 15 ko 18, amma kada ka dogara da ita kaɗai, ma'auninsu ba namu ba ne, abin da suka ga ya dace da ɗan 15 wani sa'in kai da gemunka ba za ka so ka gani gaban mahaifiyarka ba. Ka fara kalla kai kaɗai tukuna. East is East na 1999 misali, labarin ɗan Pakistan mai shagon kifi da dankali a Salford da matarsa Baturiya da 'ya'yansu da yake so ya yi wa auren gida, akwai abin dubawa sosai ga duk wanda 'ya'yansa ke tashi a waje, amma akwai wuraren da ba su dace da falo ba, kuma ni ban ji daɗin yadda aka bar uban a matsayin azzalumi kusan ko'ina ba.

Na biyu, maganar kuɗin caca da ɗan uwa ya kawo, mu wannan ba hanyarmu ba ce ko da akwai ta. Ku yi adashi, ku je wurin 'yan kasuwarmu da masu motoci da rubutaccen labari a hannu, mai hankali zai saurare ku. Kuma in za ku nuna daba ku nuna har da gidan makoki da uwar da aka bari, kada yaro ya tashi daga kallo yana sha'awar adda.

Ɗan Aboabo:

Kawu na gode, in sha Allah za mu kiyaye. Hajiya, Sarki, Mai Tace Hoto, Allah ya bar zumunci, duk na rubuta sunayen. Maganar makirfo ta shige ni dan ko a bidiyon aure abin da mutane suka fi kuka da shi ke nan. Abin da ya rage min shi ne 'yan wasa, ba mu da ƙwararru, abokai ne da 'yan uwa kawai, kuma da an kunna kyamara sai su sandare suna magana kaman masu karanta labarai.

Maman Biyu:

Ƙanena wannan ba matsala ba ce in ka san yadda za ka bi da su. Loach da waɗanda ba ƙwararru ba ya fi aiki, wanda ya fito a Daniel Blake ma ɗan barkwanci ne mai tsayawa a dandamali. Yana ɗaukar fim bi da bi yadda labarin ke tafiya daga farko zuwa ƙarshe, kuma ba ya ba su labarin duka, sai na abin da za a ɗauka, wani abin ma sai a gaban kyamara ɗan wasa zai fara jin sa, to firgitar da za ka gani ta gaske ce. Mike Leigh kuma ba ya farawa da rubutu sam, watanni yake zama da 'yan wasa suna gina mutanen tare. Ka kalli Secrets & Lies nasa na 1996, wata baƙar fata da aka riƙa tun tana jaririya ta je neman uwar da ta haife ta ta iske Baturiya ce ma'aikaciyar masana'anta, akwai inda suka zauna gefe da gefe a shagon shayi mintoci masu yawa ba a yanke ba, kana kallon fuskar uwar lokacin da abin ya faɗo mata a rai.

Kada ka ba su takarda su haddace. Ka ce wa mai waache, shinkafa da wake, ta fito a mai waache, ka faɗa mata abin da ya faru da abin da take so, ka bar ta ta faɗa da Hausarta ta Zango yadda take magana kullum, da yaren Tuwi ɗin da ke shigowa ciki, kada ka tilasta musu ta Kano.

Sannan ka nemi A Way of Life na 2004, na Amma Asante, iyayenta 'yan Gana ne a Landan aka haife ta. Fim ɗinta na farko ke nan, a kudancin Wales, kan wata yarinya Baturiya mai goyo da talauci da ƙiyayya suka kai ta ga sa hannu a kisan maƙwabcinsu ɗan asalin Turkiyya, kuma ta ci BAFTA da shi. Yana da wuyar samu fiye da sauran, in ka rasa ka yi min magana in tambayi 'yata ko za ta samo faifan ta ba wani mai zuwa.